Direban Tsakar Gida

Ranar da na gama ɗora sabon inji a tsohuwar motar Baba da ke tsakar gidanmu a Boɗinga, har tafiyata sai da ta canza. Na tara maƙwabta, na ce yau zan kai Inna garin Shagari. Ina murɗa makulli mota ta tashi. Inna ta fito da mayafinta, ta dubi motar, ta dubi katanga, ta ce, "Madalla. To, ta wace ƙohwa za ka hidda ta?"

Ashe ƙofar da motar ta shigo, ni da kaina na toshe ta na gina shago. Bayan kaka zan fasa katangar, in sha Allahu. Kafin nan, har Liman "direban tsakar gida" yake kirana.