Ranar da Shugaba Ya Kai Ƙarar Kansa

A unguwarmu, idan ka ɗaga murya ka ce "Namu ne?", mutum ɗaya ne zai waiwayo, shi ne Shugaba. Tambayar nan laƙabi ce da ya samo a gasar ƙwallon matasa ta ƙasa da ƙasa, ranar da ya kai ƙarar ƙungiyarsa da bakinsa, har saura ƙiris ya yi nasara.

Amma kada tuntuɓe ɗaya ya sa a manta da kyan tafiya. Shugaba mutum ne da Allah ya yi wa baiwa. Katifa yake sayarwa a bakin titi, kusa da gidan mai, kuma duk wanda ya kwana a kan katifarsa da wuri yake tashi neman halal. Ƙwallo kuwa bai taɓa bugawa ba, shi ya sa ya fi masu bugawa fahimtar ta. Ya zama shugaban ƙungiya ranar da ya saya wa yara riguna ruwan ɗorawa. A daren nan kwamiti ya zauna ya gano cewa mutumin yana da hangen nesa. Hangen nesan a zuci yake. Na ido kuwa likita ya ba shi tabarau, yana ajiye a aljihu, domin ya ce yana ƙara masa shekaru a hoto.

Ƙungiyar tana da maza, tana da mata. Mazan su ne 'yan lele. Kullum da yamma Shugaba zai sa a kai masa kujerar roba bakin fili, ya ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya yana koyarwa: "Ku buga gaba! Me ake yi a baya? Baya ai an wuce ta!" Da irin wannan ilimi muka yi shekara da shekaru muna shan kashi cikin mutunci. Matan kuwa a bayan makaranta suke atisaye da wata malama da suke kira Anti Koci, a filin da ragarsa ɗaya ce, ita ma rabinta igiyar shanya ce. Shugaba yana kiran su "ɓangaren mata", kamar a asibiti. Bai taɓa taka wurin ba.

Da gayyatar gasar ta zo daga wata ƙasa maƙwabciya, maza da mata, sai ƙanwarsa ta iso shago da 'yarta. Yarinyar a makarantar kwana take, kuma a can ta miƙe kamar an ja ta, har ƙawayenta suka sa mata Falwaya. Ta gaishe shi ta zauna kan wata katifa a lungu. Shi kuwa waya na kunnensa lokacin da ƙanwar take masa magana.

"Yaya, ga amana nan. Ban taɓa barin ta ta ƙetare iyaka ba."

"Kwantar da hankalinki. Kowace yarinya a ƙungiyar nan na san ta kamar yunwar cikina."

A ransa ya ɗauka ruwa take ɗaukar wa 'yan wasa.

Yara suka tafi a bas. Shugaba ya bi su a motarsa tare da Sakatare da Ma'aji, mutum biyu da ba su taɓa yi masa musu ba ko a kan hadari. A can aka rataya masa katin shaida mai igiya a wuya. Da shi yake cin abinci, da shi yake barci, an ce a banɗaki ma bayansa yake juya shi don kada ya jiƙe.

Mazan ba su ɓata wa kowa lokaci ba. Wasa uku, kashi uku. Shugaba ya tara su ya yi jawabi: "Kada wanda ya ce an ci mu. An dai riga mu zura ƙwallo, aka kuma ci gaba da riga mu." Matan kuwa suna can wani ƙaramin fili a bayan gari suna buga wasanninsu da sassafe, lokacin da yake teburin karin kumallon manyan baƙi. Bai san hawa ba bai san sauka ba, sai ji ya yi sun kai wasan kusa da na ƙarshe, a babban fili, gaban na'urar ɗaukar hoto.

"Tun farko na faɗa," in ji shi, "ƙarfinmu yana ɓangaren mata."

Sakatare da Ma'aji suka tuna cewa lalle ya faɗa.

To, ashe abokan karawar su ma ruwan ɗorawa suke sawa. Alƙaliyar wasa ta jefa kwabo, ya faɗa a kanmu, yaranmu suka sa shuɗɗan riguna na aro. Anti Koci ta aiko da saƙo ta waya. Wayar tana hannun Sakatare, shi kuma bai ga dacewar katse Shugaba ba, domin a lokacin yana bayyana wa wani baƙo asalin ƙwallo, baƙon da ba ya jin Hausa ko ta sannu.

Daga can saman rumfar manya, 'yan wasa kamar tururuwa suke. Shugaba ya hango ruwan ɗorawa sun fito, ya miƙe ya buɗe hannuwa.

"Namu ne! 'Ya'yana ke nan! Ku dubi tafiya, tarbiyyata ce!"

Aka busa usur. Ba a jima ba wata doguwa mai shuɗiyar riga ta yanke mutum biyu, ta ɗaɗa ƙwallo a ragar ruwan ɗorawa. Shugaba ya dafe kai. Ruwan ɗorawa suka rama, ya yi tsalle har hularsa ta sauka a cinyar matar wani. Sakatare, wanda idonsa garau yake, ya ga wata mai kama da Anti Koci tana zaune a bencin shuɗi. Ya kau da kai. Sakataren da yake son daɗewa a kujera ba ya riga shugaba gani. Ma'aji kuwa tafi yake yi duk inda Shugaba ya yi. Kada a zarge su da yawa. Da mu ne a wurin, da tafinmu ya fi nasu ƙara.

Bayan hutun rabin lokaci doguwar nan ta sake tashi sama ta sa kai, ƙwallo ta kwanta a raga. A haka aka tashi, biyu da ɗaya. Shugaba bai tsaya jin sanarwa ba. Ya tattara riga ya gangara ofishin masu shirya gasa, kati na lilo a ƙirjinsa, ya sa aka kira tafinta.

"Ka gaya musu ni ba a yi mini maguɗi. Gasar yara aka ce. Waccan doguwar mai shuɗiya ba yarinya ba ce. Ni uba ne, ido ba mudu ba amma ya san kima. Wannan in ba ta haifi biyu ba, ta haifi ɗaya. A kore ta, a ba 'ya'yana haƙƙinsu!"

Babbar jami'ar gasar ta dubi katin wuyansa. Ta sake duba. Ta tambaya ta bakin tafinta ko shi ne shugaban ƙungiyar da ke rubuce a jiki.

"Ni ne, ba wakili ba."

Jami'ar ta aika, sai ga Anti Koci ta shigo, bayanta doguwa mai shuɗiyar riga, takalman ƙwallo a hannu, gwiwa a ƙuje.

"Kawu?"

Kalma ɗaya ce, amma ta fi duk ƙwallayen da aka taɓa zura wa mazanmu nauyi.

Tafinta ya yi bayani. Da abokan hamayya ne suka kawo ƙara, da an ce zafin kaye ne. Amma tunda shugaban yarinyar da kansa ya ce shekarunta sun wuce, dole a dakatar da ita a yi bincike. Wasan ƙarshe gobe ne, bincike kuwa ba ya ƙarewa gobe. Ita ba za ta buga ba, nasarar ma ana iya ƙwace ta. Sai fa idan ya janye, ya kuma faɗi dalilin da ya sa ya yi maganar tun farko.

Magana zarar bunu. Ma'aji ya matso kunnensa ya raɗa masa mafita: ya ce shi mutum ne mai gaskiya ko a kan jininsa, a yi binciken kawai. Gobe jaridu su yabe shi, girma ya tsira. Shugaba ya ji shawarar ta kwanta masa, har ya fara gyara murya. Sai ya dubi yarinyar. Hawaye ne kawai ke bin ƙurar fuskarta, tana murza igiyar takalmi. Ya tuna akwai ƙanwa a gida, da bakinta, da amanarta.

Ya sa hannu a aljihu ya ciro tabarau ya saka. Karo na farko ke nan da aka gan shi da shi a bainar jama'a. Ya ƙare mata kallo, ya ga hancin gidansu sak.

"Ka gaya musu," ya ce da tafinta, "amma a hankali. Ban san yaran nan ba. Riga na sani. Wannan 'yar ƙanwata ce. Ranar da za a haife ta ni na kai uwarta asibiti a motar shago, a kan sabuwar katifa, wadda har yau ban samu mai saye ba. Shekarunta ba su wuce ba. Tsawo ne, daga wajen ubanta."

Tafinta ya fassara da ƙarfi, har da kwatance da hannu. Jami'ar ta juya tana kallon bango, kafaɗunta na rawa. Aka janye ƙara.

Washegari Anti Koci ta ce ba za ta sake barin sa a saman rumfa ba. Ta zaunar da shi kusa da ita a benci, kamar sabon ɗalibi. Duk lokacin da fili ya ɗauki ihu sai ya taɓo ta.

"Namu ne?"

Idan ta ɗaga kai, ya yi tsalle. Idan ta girgiza, ya yi tsaki. Falwaya ta ci ɗaya, aka yi kunnen doki, a bugun fanareti aka fi mu sa'a. Yara suka dawo da lambar azurfa da kuma labari. Kafin bas ta gama tsayawa, labarin ya riga lambar shiga gari.

Ƙanwarsa ba ta yi masa faɗa ba, ta fi haka wayo. Ta bari sai da shago ya cika da masu sannu da zuwa, sannan ta shigo da sallama.

"Yaya, an ce ina da jikoki biyu. Na zo ka nuna mini su."

Shago ya kwashe da dariya, har da Sakatare, wanda ya fara dubawa tukuna ya ga ko an yarda. Shugaba ya gyara tabarau, ya jira dariya ta lafa.

"Ku yi dariyarku. Amma ku yi mini adalci. Shekara nawa ina shugabancin nan? Na hango ana cin wasu, na ce namu ne. Ina laifina? Su da suka tashi cin wasa, ai sai su gaya wa mutum."