Teburin da na ƙirƙira a ɗakin Hauwa'u

Ba zan taɓa mantawa da ranar buɗar kan ƙanwata Hauwa'u ba. Ko na so in manta ma, matan unguwarmu a Illela ba za su bari ba.

A lokacin ni ce gwanar jere. Ba yabon kai ba (to, da ɗan yabon kai), in aka yi biki daga nan har Amarawa ba a kira ni ba, sai ka ji mata suna cewa ɗakin amarya bai zauna ba. Wurin Innarmu na koya, Allah ya jiƙanta. A zamaninta jere kwanuka ne da tasoshi, a yi ta ɗora su bisa juna har su kusa taɓa rufi. Tana tsaye bisa turmi, mu muna miƙa mata ɗaya bayan ɗaya, tana faɗa tana dariya, in ka miƙo kwano da shaidar yatsa a jiki ta mayar maka ka sake gogewa. Ina kewar waɗannan ranaku ƙwarai. Abu ɗaya ne ban koya a hannunta ba, wato saƙa. Da ta ɗauko kwarashi da zare sai in tuna ana nemana a maƙwabta.

Tana kwance a jinyarta ta ƙarshe ta saƙa wani babban mayafin tebur da zaren ulu, fari da ruwan ƙwai, ta ce na autarta ne, a sa mata a ɗaki in ta yi aure. Shekara shida yana ƙasan akwatina da kafur. Shi kaɗai ne abin hannun Inna da Hauwa'u ta mallaka, kuma tun ana sa rana take tuna mini: "Yaya, saƙar Inna dai. A sa ta inda kowa zai gani."

Angon, Bashiru, ɗan kasuwa ne mai kai kaya Konni. Auren ya faɗo tsakiyar bazara, sai ya sayo wa amaryarsa batirin litiyam, irin wanda ake cajawa in an kawo wuta, in an ɗauke ya riƙe fanka da fitila. Wani akwati ne toka-toka mai hannu a sama, da ramukan shan iska a gefe, ga cajarsa mai kauri tana jan waya. Ranar da muka je jere muka sami akwatin a ajiye kusa da taga, a kan siminti tsura, wai da gangan aka bar wurin ba a shimfiɗa komai ba.

Bashiru ya tsaya bakin ƙofa, kansa a ƙasa, ya ce, "Yaya, don Allah wanga abu a bar shi inda na aje shi. In yana caji zahi ya ka yi, iska ya ka so. Kar a ruhe shi, kar a ɗora mai komi."

Na ce, "To ango, mun ji."

A raina kuwa cewa na yi, ji wannan yaro. Jiya-jiya ya fara gemu, shi ne zai koya mini inda ake ajiye kaya a ɗaki.

Yana fita na ja akwatin na kai shi lungu tsakanin gado da bango, bisa sabon kafet mai laushi. Na tura cajar ƙarƙashinsa ta baya don kada wayar ta ɓata mini tsari. Sai na tsaya ina kallonsa, tsayinsa daidai na ɗan teburin gefen gado. Nan dabara ta faɗo mini. Na ɗauko saƙar Inna na lulluɓe shi har ƙasa, na cusa gefunan, na ɗora kwalbar furannin roba a kai. Wallahi ya yi kyau. Har ƙwalla na yi, ina cewa da Inna na nan da ta sa mini albarka.

Ranar buɗar kai aka kawo wuta da hantsi. Na zura hannu ta bayan gado na jona cajar a bango, na bar fanka tana juyawa daga jikin batirin. Wato yana ci yana bayarwa a lokaci guda, cikin ulu, cikin zafin Sakkwato, ko ƙofar numfashi ban bar masa ba.

Bayan azahar dangin ango suka cika ɗakin, kusan mata ashirin, wasu bisa gado wasu a ƙasa. Hauwa'u na tsakiya a lulluɓe. Ana ta yaba jere, ni kuwa ina bakin ƙofa ina cewa, "Ai ba komai, ɗan abin da ya samu ne," alhali kaina ya kusa fasa ɗankwali. Da yabon ya yi mini daɗi sai na ƙara da abin da ba a tambaye ni ba. Na ce, "Akwai wani mummunan akwatin wuta da ango ya kawo, yana cikin ɗakin nan. Duk wadda ta gano inda yake, na ba ta atamfa."

Aka yi ta dube-dube ana dariya. Wata ta leƙa ƙarƙashin gado, wata ta buɗe kabad. Ana cikin haka wani wari ya fara tashi, kamar an jefa leda a murhu. Ni da ya kamata gabana ya faɗi, sai na juya kan maƙwabciyarmu da ke riƙe da kaskon turaren wuta, na ce da ƙarfi, "Ke kuwa wane irin turare kika haɗo mana? Fitar da shi kar ki kore mana baƙi." Baiwar Allah ta fita da kaskonta tana jin kunya (har yau in mun haɗu a suna sai ta tambaye ni ko turarenta ya gyaru).

Turare ya fita, wari ya ƙaru. Sai fanka ta yi shiru.

Gwaggon ango, wata tsohuwa da ta zo daga Tozai, ita ke zaune a ƙarshen gado. Ta janye ƙafarta ta ce, "Mi ka ƙauri haka? Kuma wanga tebur naku zazzaɓi ya ka yi?" Ta ɗaga gefen saƙar da sandarta, wani siririn hayaƙi ya fito.

Ɗaki ya yamutse. Ni na rarumo buta zan watsa ruwa, Allah ya sa wata ta riƙe mini hannu. Aka aika aka kira Bashiru daga cikin abokansa, ya ratso matan nan ashirin da babbar rigarsa. Ya fara kashe wutar daga bango, ya zare cajar da bayanta ya narke ya manne da zare, ya kinkimi akwatin ya kai inuwar tsakar gida bisa siminti, ya ce kowa ya matsa, kuma kada a sake jona shi sai mai gyara ya duba. Da ya dawo ya dube ni sau ɗaya ya ce, "Ba komi, Yaya. Allah ya tsare." Da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi.

Gwaggo kuwa ta gyara zama ta ce, "To ɗiyata, ni na gano shi. Ina atamfata?"

Dariya ta ɓarke, amma ni ba ita nake ji ba. Saƙar Inna nake kallo a ƙasa. Gefe guda ya ƙone, rami kamar tafin hannu, bakinsa ya yi baƙi ya ƙandare. Hauwa'u ta miƙo hannu daga cikin lulluɓi ta ɗauke ta, ta ninke ta ɗora bisa cinyarta. Ba ta yi kuka ba. Ni ce na fita bayan ɗaki na yi.

Mai gyara ya ce batirin da kansa ya kashe kansa da zafi ya yi yawa, da irin na banza ne da labarin ya wuce na mayafi. Aka sayo wa batirin sabuwar caja irin tasa, aka mayar da shi kusa da taga. Atamfa kuma na kai Tozai da ƙafata.

Bayan sati biyu na je wurin Hauwa'u na ce ta ba ni saƙar in kai wa mai kwarashi a cike ramin, tunda ni ban iya ba. Ta hana. Ta ce, "Ba na son hannun bare a jiki. A bar ta haka, Yaya. Yanzu da aikin Inna da naki duk suna nan."

Saƙar tana nan a bayan kujerarta har yau, ramin yana kallon ƙofa, kuma duk baƙuwar da ta tambaya sai an ba ta labari da sunana. Ni dai na ci gaba da jere, amma duk abin da na ga yana da waya a jiki, ko ya kai mene muni, ina barinsa tsirara inda mai shi ya ajiye. In ɗan yaron ango ya ce kar a rufe, sai in ce to, kuma wannan karon har cikin raina.