Ranar da Na Sare Gadon Surukata

Ba zan taɓa mantawa da daminar da ruwa ya shigo mana Auyo ba, ya tafi har da igiyar shanya. A makon ne ƙuraje suka fito wa jaririyarmu Nana a baya, jajaye, kowanne da ɗan baki a tsakiya. Ta daina kama nono, sai kuka.

Ni kuwa (ba wanda ya tambaye ni) nan take na gano mai laifi. Gadon katakon da take kwana a kai na marigayiya mahaifiyar matata Hadiza ne, kuma ƙwaron itace ya daɗe a cikinsa. Ana jin ƙurus-ƙurus ɗinsa, da safe a ga garin katako a ƙasa. Na ce wanda ya huda katako, fatar jariri ce za ta gagare shi?

Hadiza ta ce, "Baban Nana, don Allah ka bari Inna Asabe ta zo ta duba. Gadon nan kaɗai ya rage mini na Iya."

Ina! Na jawo shi tsakar gida na sa masa gatari. Ina cikin sara, na yi sharkaf da gumi, sai ga sallamar Inna Asabe, ƙanwar marigayiyar, daga Haɗeja. Ta kalli gadon yayarta. Ta karɓi Nana, ta lakato man kaɗanya ta toshe bakin ƙurji ɗaya. Jim kaɗan ta matsa, sai ga farar tsutsa tana motsi.

Ta ce, "Wannan ta ƙuda ce. Ƙwaron itace busasshen katako yake ci, ba ruwansa da mai rai. Shi kuwa ƙudan nan ɗanyen kaya yake bi ya yi ƙwai, in an shanya a ƙasa ba a goge ba. Wa ya shanya kayan yarinyar nan?"

Ni ne. Da hannuna na baje su a ƙasa bayan ɗaki, har ina cewa guga ɓarnar gawayi ce. Ga gatari a hannuna, na rasa inda zan ajiye shi. Wallahi kunya kamar in nutse.

Nana ta warke. Hadiza ba ta taɓa yi mini gori ba, kuma wannan ya fi yi mini ciwo. Ta dai ɗauki ƙafar gadon guda ta adana a bayan akwatinta, ƙwaron na ciki har yau. Duk sanda na ji ƙurus-ƙurus, sai in kama bakina, in tashi in hura gawayin guga.