Tudun da Gwaggo Ta Hana

"Lahiya lau, sai dai ganin mugun miji da sassahe. Shigo mana, ko sai an yi maka shimhiɗa?"

"Amarya ke nan. Ni da nit taho da tsaraba tun daga kasuwar Jega, marabar da za a yi min ke nan?"

Haka Gwaggo da jikanta Waliyyu suke gaisawa tun yana rarrafe, shi miji, ita amarya. Kowa a Tungar Maikoko, can bayan Jiga Birni, Gwaggo yake ce mata, har jikokin. Ranar tana gindin rudu, rumfar karan da muke ajiye albasa, tana tsince ruɓaɓɓu, ni maƙwabciyarta ina taya ta. Duk mun san sallama ce ta kawo shi. Yaron ya gama karatun kwamfuta a jami'ar Aliero, ya sami aiki da wani kamfani da ko fuskarsa ba sa buƙatar gani, ta intanet ake komai. Burinsa ya zauna gida, ya mai da zauren kakansa wurin koya wa yaran tunga kwamfuta. To amma tungarmu babu sabis. Ya sha zirga-zirga a babur zuwa Aliero neman sabis har kamfanin suka gaji, suka ce ya koma Abuja ko su ɗauki wani.

Ya ajiye ɗan kwali a gabanta.

"Mi na ciki? In sabulu na, kai ya kamata ka yi wanka da shi."

"Waya ta, sabuwa. Mai shagon yat tambaye ni ta wa ta, nic ce ta budurwata ta. Yac ce shekarunta nawa, nic ce da idonta tag ga zuwan Turawa."

"Ƙaryarka ta sha ƙarya. Kai da ranar da anka haihe ka ungozoma taɗ ɗauka ɓera na, saura kaɗan a miƙa ma kyanwa!"

"To ga ɓeran nan za shi Abuja, shi bar kyanwa da ruɓaɓɓar albasa."

Gwaggo ta ɗauki wata albasa ta juya ta, ta sake juyawa. Albasar lafiyarta ƙalau, amma ta jefa ta cikin ruɓaɓɓun.

"Ashe dai tahiyar ta tabbata."

"Gobe da sahe, motar Jega."

"Kowa yab bar gida, gida ya bar shi. Dud albasar da anka sai da anka yi muku karatu, ashe kiwon kaji munka yi ma shaho. Jamilu na Legas, Zahra'u na Kaduna, yanzu kai. Mu shuka, wasu su girbe."

"Wa yak kori kajin? Ni nik kori mutanen sabis da muciya?"

Nan ya taɓa inda yake mata ciwo. Shekarun baya, Waliyyu yana makaranta, mutanen wani kamfanin waya sun zo kafa dogon ƙarfen nan na sabis. Suka auna, suka ce babu wurin da ya dace sai tudun da ke bayan gari, gonar da marigayi Malam Muntari, mijin Gwaggo, yake barin albasa ta yi fure don a sami iri. Sai wani mai dogon baki ya ce ƙarfen yana korar ƙudan zuma, kuma kowa ya san in babu zuma furen albasa ba ya ɗaukar iri. Gwaggo tana tuƙa tuwo aka faɗa mata, da muciyar ta hau tudun. Ni dai har yau ina jin haushin mutanen nan. Da ɗayansu ya zauna a tabarma ya yi wa tsohuwa bayani, da an wuce wurin. Amma suna sauri, suka naɗe igiyar awonsu suka yi gaba, suka kafa shi a wata tunga can wajen Sabiyal.

Gwaggo ta gyara ɗaurin kallabi.

"Abin da babba yah hango, yaro ko ya hau rimi ba ya hango shi."

"Ai na hau, Gwaggo. Rimi babu tungarga, amma kukar bakin rijiya ta san ni. Ina bisa reshe, waya bisa kai, awa mai roƙon ruwa. Har tantabaru sun hwara gaishe ni."

"Da ka hwaɗo mun huta."

"Ki yi takaba da tsuhwanki? Wa za shi kawo miki goro?"

"Goron da kaka gutsura kahin ka miƙo? Miji marowaci, ko zane bai taɓa ɗinka min ba."

"Amaryar da ba ta tauna nama mi za ta yi da zane?"

Ta kai masa duka da faifai, ya goce. Na yi dariya, ita ma ta ɗan murmusa, sai kuma ta yi ƙasa da murya.

"Waliyyu. Mutanen can da anka kahwa ma ƙarhen, zumansu na nan?"

Yaron ya so ya kauce, na gani a fuskarsa. Amma Gwaggo ba a yi mata kwana-kwana.

"Suna nan. Abokina Silas na sakatariya yac ce har daga Maiyama aka zuwa sayen irinsu. Ta waya suka jin yadda kasuwa tat tashi, ba mai yi musu wayo. Yaransu ma an buɗe musu ɗakin kwamfuta."

"Da na sani ƙeya ta."

"Shi yas sa kullum kika ruhe taki da kallabi."

"Allah shi shirye ka. Ni cewa nika amanar Malam nika tsarewa. Ashe jikanshi nika kora."

Wallahi ta ba ni tausayi. Shi ma sai ya duƙufa kan kwalin yana ɓare leda, kamar wani babban aiki ne.

"To ya zan yi da wagga aba, tunda cikin ɗaki kurma ta?"

"Wuri guda taka kamawa dud tungarga. Bisa tudun."

"Tuduna?"

"Daidai inda kinka tsaya da muciya. Ki huskanci gabas, ki ɗaga hannu, sai ki danna koren."

"Da wagga gwiwa? Lalle tsuntsun da yaj ja ruwa shi ruwa ka duka."

"In kina so in sai miki jaki."

"Ga ka, mi zan yi da wani?"

Ya ƙyalƙyale da dariya. Ta bari sai da ya gama.

"Tunda za ka, sake ni in yi wani auren. Ba ni zaman jiran gawon shanu."

"Wa za shi kwasa?"

"Maigari ya daɗe yana tsayawa gaishe ni."

"Maigarin da ke gaida turmi yana cewa sannu Hajiya? To shi ke nan, na sake ki. Saki ɗaya."

"Rowar har ga saki?"

"Ɗaya dai, amarya. Duk ranar da anka kahwa ƙarhe tungarga, akwai kome."

Gwaggo ta yi dariya har da tari, ta share ido da bakin zane ta ce albasa ce. Ta dafa ƙafar rudu ta miƙe, ta shiga ɗaki, ta fito da wani ɗan ƙulli a tsumma ta danƙa masa.

"Ka ci, ɗan nema. Ungo. Irin Malam na, na bisa tudu. Shi niz zaɓa nib bar ka, to ku tahi tare. In ka gamu da masu ƙarhen can Abuja, ka ce musu muciyar ta karye."

Ya karɓa da hannu biyu, ya sa a aljihun ƙirjinsa.

"Ran Juma'a bayan la'asar ina bisa tudu," in ji ta. "In ba ka kira ba, sai Maigari."

Da yamma na fita ɗaukar ruwa, sai na hango ta a kan hanyar tudun, sanda a hannu, wayar ƙulle a haɓar zane, tana hawa tana hutawa. Juma'a da saura, Waliyyu kuwa yana cikin gida, ko jakarsa bai haɗa ba.