Mutumin Takarda a Bakin Kogi

"Lafiya lau, in ban da na gan ki," in ji tsohon.

Jikarsa ta ce ai ta san haka zai ce, shi ya sa ta zo. Ta cire takalmi, ta zauna a bakin gado tana matsa ƙafa. Daga shagon magani take, inda take wuni a tsaye. Tun da ɓarin jikinsa na hagu ya shanye, kullum ta tashi aiki sai ta biyo.

Hannun hagun na kan cinyarsa a dunƙule. Likitar gashin ƙashi ta ce idan bai riƙa motsa yatsun a watannin nan ba, haka za su sandare. Ta ba shi ƙwallon roba ya riƙa matsawa. Ƙwallon na ƙarƙashin gado, ya yi ƙura. 'Ya'yansa sun yi lallashi har sun gaji, kuma ba mai iya yi masa faɗa. Jika ce kawai ke da wannan damar.

"Ina rediyon da na aike ki ki sayo?"

Ta ɗora masa 'yar na'urar gem a cinya, irin ta hannu, gilashi a tsakiya, maɓallai dama da hagu.

"Wannan ne rediyon?"

"Rediyo kwanciya za ka yi yana maka surutu. Ni kuwa na gaji da miji a kwance."

"Wane mijin? Na sake ki tun kina rarrafe."

"Ba a gaban shaidu ba."

Ta kunna. Komai na ciki takarda ne: tsaunukan kwali, itatuwan da aka yanka da almakashi, gajimare rataye da zare. Ga wani ɗan mutum, shi ma na takarda, tsaye a bakin kogi ba gada. Ta yi masa bayani tana hamma. Maɓallan dama na tsalle ne da ninke takarda, na hagu shi ne tafiya.

Tsohon ya ce kayan yara ne, amma bai ɗauke ido ba. Ya lura da wani layi a gefen tsaunin, ya danna, kwalin ya ninku ya kwanta a kan ruwa, ya zama gada. Ya dube ta a ɗage, ya ce ita da karatunta da ta kwana nan ba ta gano ba. Ta ce to ya ƙetara mana.

Ya danna. Ɗan mutumin ya yi tsalle ya dira inda yake. Ya sake, haka.

"Mutuminka yana jin fitsari ne?"

"Ke ya gani, ya tsorata."

Ya saki maɓallin ninkewa, ya kai hannun dama wajen maɓallin hagu. Nan take gadar ta warware, ta koma tsauni. Ya ninke, ya saki, ta sake warwarewa. Sai an riƙe ninkin da dama, a yi tafiyar da hagu. Ya daɗe yana kallon gilashin.

"Likitar nan ce ta aiko ki."

Ta ce ita ba ta san wata likita ba. Abin da ta sani, mutumin da ya cika musu kunne da labarin tuƙa babbar mota a kan kwalta da cikin taɓo, yau ga shi ya kasa tuƙa takarda. Ya ce motarsa ba ta taɓa tafiya da fasinja mai baki irin nata ba, da ya sauke ta a daji. Amma muryar ba ƙarfi. Ya ture na'urar kaɗan.

"Amarya, hannun nan ya riga ya tafi. Ku bar ni in huta."

Fanka na juyawa a sama. Ta sunkuya ta jawo takalminta.

"To, Kaka. Ni ma na gaji."

Rabon da ta kira shi Kaka an daɗe. Ta miƙa hannu za ta ɗauki na'urar, sai ya danne ta da gwiwar hannu.

"Abin da aka ba miji ba a karɓewa. Ba a koya miki ba?"

Ya ɗauki hannun hagun da na dama, kamar kayan wani, ya aza a gefen na'urar. Ya ninke gadar, ya riƙe. Babban yatsan hagu yana rawa, ya zame daga maɓallin, ya dawo. Gumi ya tsattsafo masa a goshi. Ta kau da kai tana gyara zanin gadon da ba abin da ya same shi.

Ɗan mutumin ya ɗaga ƙafa. Ya taka gadar, ya ƙara gaba kaɗan. Sai hannun dama ya manta aikinsa, gadar ta warware, mutumin ya faɗa kogi, ya jiƙe ya yi laƙwas, ruwa ya tafi da shi.

"Ke kika girgiza gadon."

"Direba ya kashe fasinja," ta ce, tana goge ido da bakin mayafi. "Allah ya ji ƙan takarda."

Dariya ta kufce masa ta gefen bakin da ke motsi, har da tari. Ɗan mutumin ya sake fitowa a bakin kogi, a bushe.

"Kin ci, ja'ira. Je ki gida ki kwanta," ya ce, bai ɗago ba. "Ki bar min cajar."