Rasuwar Safar Ƙafata ta Hagu

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da wani takaici da na rasa wanda zan sauke wa, ni Safara'u Tukur ta unguwar Malali, Kaduna, nake sanar da 'yan'uwa da abokan aikina na sakatariya rasuwar safar ƙafata ta hagu. Ta cika ranar Talata da hantsi a tsakar gidanmu, a kan turmi, bayan wata jinya da ba ita ta nema ba.

An haifi marigayiya a ƙasar Ingila. Mun haɗu a wani asibiti a Landan cikin damunar bana, 1994, ranar da aka yi mini aikin ƙarin nono. Na faɗa a fili don masu tsegumi su huta: tun da aka cire mini ƙari a nono shekarun baya ɓangare ɗaya ya shanye, na gaji da cusa tsumma a riga kafin in tafi ofis, shi ne na je aka daidaita mini. Kafin a shiga da ni, wata nas ta auna ƙafafuna kamar mai shirin ɗinka mini wando, ta kawo marigayiya da 'yar'uwarta. Likita ya ce wanda aka yi wa aiki ya daɗe a kwance, jini kan daskare masa a jijiyar ƙafa, in kuwa gudan ya ɓalle ya hau huhu, sai dai wani ba shi ba. Aikin safar ta matse ƙafa daga idon sawu har cinya don jini ya yi ta tafiya. Ya ce kada in rabu da su sai na koma zirga-zirga kamar da.

Marigayiya ba kyakkyawa ba ce. Fara ce, mai kauri, da ɓuli a wajen yatsu. Sa ta kuwa sai maigidana Datti ya durƙusa yana ja yana gumi, ita tana kuka ƙiiii, in ta kai cinya ta ce tas. Wannan tas ɗin ita ce maganarta kullum safiya, ba ta taɓa ƙara komai a kai ba. In an ɗauke wuta da rana ta sa ni ƙaiƙayi har in ji kamar in yage ta. Amma ba ta taɓa zamewa ba, ba ta taɓa sassauta mini don na yi ƙorafi ba. Matsin nan shi ne dukan halinta na kirki.

Ciwon ajalinta ya zo ne a motar Funtuwa, tare da Gwaggo Delu, ƙanwar mahaifina, wadda ta bar awakinta a hannun maƙwabta ta zo jinyata. Ranar da ta ga shatin safar a cinyata sai da ta yi hawaye. Ta tambaye ni me ya haɗa ƙafa da yankan da aka yi a ƙirji. Na yi mata bayanin likita, ta gyaɗa kai, ta ce Turawa ba su san girman ƙafar Bahaushiya ba, sun ba ni ta yara.

Ɗaya-ɗaya nake wanke su, da ruwan sanyi, in shanya a inuwa. Ranar Talata na shanya ta hagu, barci ya ɗauke ni. Gwaggo ta ɗora tukunya, ta jefa kanwa yadda take yi wa wake mai taurin kai, ta dafa marigayiya har ta yi laushi. Ta kifa turmi, ta zura ta a gindinsa da zafinta, ta bar ta a rana. Da ta bushe ta bi ta da dutsen guga na gawayi, ta turara ta da turaren wuta, ta linke ta kawo mini a faranti tana murmushi. Ta ce yanzu ko ƙafata da tata sa shiga tare. Ba ta yi ƙarya ba. Na zura, safar ta sulale ta kwanta a idon sawuna ba ko tari.

Ga inda takaicin yake. Yaya zan yi da dattijuwar da ta goya ni, ta ƙone yatsa wajen yi mini alheri? Na ce mata sannu da aiki. Har godiya na yi.

Marigayiya ta bar 'yar'uwarta ta dama, wadda yanzu take aikin mutum biyu, safe a wannan ƙafa, yamma a waccan. Ta bar Datti, wanda ya zagaye kemis-kemis na cikin gari da Kasuwar Barci, ya dawo mini da koriyar safar 'yan ƙwallo da mai gwanjo ya rantse masa duk ɗaya ne. Ta bar tela Ila na Badarawa, wanda ya yi tayin sa mata zariya a baki, likitana na nan ya ce wannan ya fi babu haɗari. Sabuwar safar da muka yi sallahunta daga Landan kuma ba za ta iso ba sai ƙarshen wata.

Ba za a yi wa marigayiya wanka ba, don wanka ne ya kashe ta. Za a naɗe ta a tsohuwar jarida a kai ta bolar bayan gida yau bayan la'asar. Zaman makoki yana hannun Gwaggo, kuma ina roƙon duk wanda ya zo kada ya gaya mata abin da ta yi. Ni ba zan samu raka gawa ba. Da safen nan na tashi sharaɓata ta hagu ta kumbura, ta yi zafi, ba na iya taka ta. Likita ya ce kada a matsa, kada a gasa, a kawo ni yanzu da kayan kwana. Datti yana waje yana tayar da mota. Wanda ya zo bai same ni ba, ya yi wa marigayiya addu'a, ya rage mini kaɗan.