Reshen da Aka Rufe da Ganye

"Lafiya lau, ya gajiyar hanya? Wai da gaske sunan kowa na jikin kek ɗin?"

"Kowa da kowa."

"Har da shi?"

"Ke, rufa mana asiri, Malam na zaure!"

Ramlat na jin matan daga ɗaki, tana yi wa kek fifita kamar mai jinya. Yau ne taron zumuncin gidan kakanta, Malam Sama'ilu, a ƙauyensu na bayan Tofa. Bishiya ta zana a kai da bota da sukari, kowane reshe da suna. Reshe ɗaya ta lulluɓe da korayen ganye: na Kawu Jamil, ɗan da Malam ya hana a ambata tun rigimar gonar Watari. Ga zafi, ga babu wuta, ganyen sun fara zamewa.

Sai ga sandar Malam ta ɗaga labule.

"Amarya, wa ya suma kike masa fifita?"

"Gwaji nake kafin ranarka, tsoho. Koma zaure, mai ciwon sukari ba ya leƙen kek."

"Wannan wace irin bishiya ce? Ba kuka ba, ba ɗorawa ba. Ko akuyata ba za ta kwanta a inuwarta ba."

"Akuyar da ta fi ka haƙora?"

"Ni ina nake?"

"Ga ka can a saiwa, cikin ƙasa. Ka fara sabawa."

"Sai na ci tuwon sunan jikanki, mummuna!" Ya duƙo yana ƙanƙance ido. "Nan kuma fa? Ganye ya yi cunkus wuri ɗaya."

"Sheƙar tsuntsu ce."

"Manomi za ki gaya wa sheƙa? Ramin ƙarya ƙurarre ne, yarinya."

Ta ƙara wa mafici ƙarfi, amma ina! Ganye ɗaya ya sulale, na biyu ya bi shi. Malam ya sa yatsa ya kwashe sauran. Sunan ya fito ɓaro-ɓaro.

Ramlat ta tsayar da fifita.

"Kaka," ta ce a hankali, "in goge?"

Ya daɗe yana kallon reshen, sannan ya lashe yatsan.

"Dubi yadda kika ramar mini da yaro. Reshe kamar tsinken tsintsiya! Har a kek rowa kike?"

"Reshen da saiwa ta hana ruwa, da me zai yi ƙiba?"

Sai dariya ta ƙwace wa Malam, har da goge ido da hannun riga.

"Kin kayar da ni, uwar tsiwa. Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar." Ya laluba aljihu ya miƙo mata waya. "Ajiye maficin nan, ki kira mini kawunki. Ce masa ya hau babur yanzu, kafin reshensa ya narke."